Hokin ƙanƙara: McDavid ya cika 28 a 2025, kaka nawa suka rage masa a sama?

Ɗan Edmonton:
Salamu alaikum jama'a. Tun da Florida suka sake doke ƙungiyarmu ta Edmonton a wasan ƙarshe na kofin Stanley, babban kofin gasar hokin ƙanƙara ta NHL, a watan Yunin 2025, karo na biyu ke nan a jere, abu ɗaya ke ta yi min yawo a ka, shi ya sa na ce bari in kawo shi nan mu tauna tare. Tauraronmu McDavid ya cika shekara 28 a watan Janairun 2025. A kakar 2022-23 ya ci ƙwallo 64 maki 153, ta gaba ƙwallo 32 maki 132, ta 2024-25 kuma ƙwallo 26 maki 100 cif a wasa 67. Na san wani zai ce ai maki 100 ba wasan yara ba ne kuma na yarda, karo na takwas ke nan yana kaiwa 100, amma ku dubi yadda abin ke gangarowa mana. Tambayata ita ce, gwani irin wannan kaka nawa zai iya yi yana zura ƙwallo haka kafin jiki ya ce a'a? Wallahi tsoro nake ji kar lokacinsa ya wuce bai ɗaga kofin nan ba.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumussalam. Ni fa sabon shiga ne a hokin ƙanƙaran nan, a waya nake ganin guntayen bidiyo, don Allah a fara yi min bayanin maki ɗin nan tukuna, mene ne bambancinsa da ƙwallo?

Kawu na Toronto:
Ɗana, in ka zura ƙwallo a raga maki ɗaya ne, in kai ka miƙa wa wani ya ci shi ma maki ɗaya ne, kuma mutum biyu na ƙarshe da suka taɓa ta kafin wanda ya ci duk ana rubuta musu. A kakar 2024-25 wasa 82 kowace ƙungiya ta buga kafin zagayen kofi. Wanda ya tara maki 100 ko ya ci ƙwallo 50 to ya shiga sahun manya ke nan.
Kai kuma ɗan Edmonton, damuwarka na kan hanya. Ni na ga ƙarshen Gretzky, wanda ya fi kowa tara maki a tarihin gasar, da idona a talabijin lokacin ban daɗe da zuwa ƙasar nan ba. Mutumin da ya ci 92 a kakar 1981-82 yana ɗan shekara 21, kakarsa ta ƙarshe da ya kai 50 ita ce 1988-89 a Los Angeles, ya ci 54, kuma shekarunsa 28 ne a lokacin, daidai shekarun yaronku yanzu. Daga nan sai 40, 41, 31, bayansa ya samu matsala ya ci 16, ya ɗan farfaɗo ya ci 38, shi ke nan bai ƙara kaiwa 30 ba. Kakar da ya yi ritaya a 1999 ƙwallo 9 kacal ya ci a wasa 70. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, in Gretzky bai tsira ba wa zai tsira.

Bazazzagi:
Kawu da girmanka amma a nan ba zan bi ka ba. Ovechkin na ƙungiyar Washington fa? Ni ina Maryland, Washington nan kusa da ni ne, ranar 6 ga Afrilun 2025 da ya ci ƙwallonsa ta 895 a ragar Islanders ya wuce Gretzky a yawan ƙwallaye ina zaune gaban talabijin da yarana, mutumin nan shekararsa 39 kuma a watan Nuwamba ya karye a ƙafa ya rasa wasa 16, ya dawo ya ƙare kakar da ƙwallo 44 a wasa 65. Ku lissafa da kanku, kafin ya cika 30 ƙwallo 475 ya ci, bayan ya cika 30 zuwa ƙarshen kakar 2024-25 ya ƙara 422. Kusan rabi da rabi fa. Gretzky kuwa a kaka takwas ɗinsa na ƙarshe gaba ɗaya 176 ya ci. To ina maganar cewa 28 ce iyaka?

Kawu na Toronto:
Ban ce iyaka ba ce, cewa na yi daga nan ake fara gangara. Ovechkin mutum ɗaya ne a cikin dubbai, ba a auna jama'a da shi.

Bazazzagi:
To ai McDavid ɗin ma ba da jama'a ake auna shi ba Kawu, shi ma ɗaya ne a cikin dubbai.

Maman Biyu:
Ku bari in sa baki, ni aikina gashin ƙashi da motsa jiki ne a asibiti, kuma maigidana da 'yan biyuna ba sa barin wasan Jets, ƙungiyar Winnipeg, ya wuce su don haka ni ma dole na koya. Ina ganin kun haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya. Ba shekarun mutum kaɗai ake dubawa ba, abin dubawa shi ne da me yake cin ƙwallon. Abin da ke fara barin ɗan wasa shi ne zabura, wato takun nan biyu zuwa uku na farko da yake fizgar jiki ya bar mai tsaron baya a tsaye, sai kuma saurin warwarewa bayan gajiya, yaro ɗan 23 zai buga yau ya hau jirgi ya buga gobe lafiya lau, ɗan 34 kuwa sai ya kwana biyu jikinsa na ciwo. Ga shi wasan nan ba a yin sa da jan ƙafa, shiga ɗaya daƙiƙa 40 zuwa 45 ce da dukkan ƙarfinka sannan ka fito ka huta, a haka za ka yi ta shiga sau ashirin ko fiye. Amma ƙarfin hannu da kafaɗa, da iya saita bugu, da sanin inda ƙwallo za ta faɗo, waɗannan suna daɗewa sosai. Ovechkin a gefen hagu yake tsayawa wurin da'irar nan, musamman in an kori ɗan wasan abokan karawa na minti biyu, kowa a filin ya san nan zai tsaya, gola ya sani, koci ya sani, a miƙo masa ya maka ba tare da ya tsayar da ita ba. Wannan ba ya buƙatar ƙafar ɗan 25. McDavid kuwa duk abin da yake yi a kan gudu ya gina shi.

Ɗan Edmonton:
Anti kin taɓo inda ke min ciwo wallahi. Abin da nake tsoro ke nan. Kuma kar ku manta a watan Afrilun 2019 ya daki ƙarfen raga a wasan Calgary jijiyar gwiwarsa ta tsage, bai yarda an yi masa tiyata ba ya yi ta gashi har ya dawo farkon kaka, a lokacin mun yi ta murna amma gwiwa ba ta mantuwa.

Bazazzagi:
Anti Maman Biyu na yarda da rabin maganarki. Amma mutane na mantawa Ovechkin na farko ba mai tsayawa wuri ɗaya ba ne fa, lokacin da ya ci 65 a 2007-08 gudu yake kamar an saki bijimi, ya kwaso ƙwallo tun daga baya ya bi gefen hagu ya yanko tsakiya ya buga ta tsakanin ƙafafun mai tsaron baya, ga shi da dukan mutane da jiki, sama da kilo 100 ne. Sai aka gano shi. 2010-11 ya ci 32, ta gaba 38, a lokacin shekararsa 25 zuwa 26 ne kawai kuma 'yan jarida suka yi ta rubuta cewa ya ƙare. Adam Oates ya zo koci ya mayar da shi gefen dama a 2013, ya ci 32 a wasa 48 aka ba shi gwarzon kaka. A 2016-17 ya sake faɗowa 33 aka sake cewa to yanzu kam ya ƙare, shekara mai zuwa ya ci 49 ya ɗaga kofi. Ko kakar 2023-24 ƙwallo 8 kawai ya ci a wasa 43 na farko, ni kaina na fara cire rai da tarihin Gretzky, sai ga shi ya ƙare da 31. Abin da nake nufi, canza salo ya yi, ba haka aka haife shi ba. In shi ya iya me zai hana McDavid?

Ɗan Damagaram:
Kamar Ronaldo ke nan? Da can a gefe yake yana yanka mutane a Manchester, daga baya ya koma cikin akwati yana jiran ƙwallo.

Bazazzagi:
Yauwa ƙanena, ka gane ke nan. Kuma abin mamaki shekara ɗaya aka haife su, 1985, Ronaldo a Fabrairu shi kuma a Satumba.

Kawu na Toronto:
To ku saurara in ba ku ɗaya gefen, don ku matasa waɗanda suka tsira kawai kuke gani, waɗanda suka faɗi a hanya ba kwa jin sunansu. Mike Bossy na Islanders, kaka tara a jere yana cin 50 ko fiye tun daga kakarsa ta farko, har yau babu wanda ya jera tara haka, ƙwallo 573 a wasa 752, shi ma ai bugu ne makaminsa, hannunsa ya fi na kowa sauri. Ciwon baya ya tsayar da shi, wasansa na ƙarshe a 1987 yana ɗan shekara 30. Pavel Bure ɗan Rasha, gudu kamar walƙiya, ya ci 60 sau biyu a Vancouver, ya je Florida ya ci 58 da 59, bayan shekara biyu gwiwa ta gama da shi yana 32. Ga Lemieux, wanda ni a wurina babu mai baiwarsa, 85 da maki 199 a 1988-89, ciwon baya da ciwon daji suka cinye masa shekaru, a 1993 ana yi masa magani ya dawo ya ƙare da maki 160 a wasa 60, duk tsawon rayuwarsa a wasan 915 kawai ya buga. Kun ga maganar ba ta salo kaɗai ba ce. Lafiya ce, kuma lafiya ba a hannun ɗan wasa take ba, ta Allah ce. Shi Ovechkin ɗin naka Bazazzagi, babbar baiwarsa ba bugun nan ba ne, jikinsa ne, kusan shekara ashirin yana karo da ƙatti bai taɓa doguwar jinya ba sai karayar nan ta bara. Mahaifiyarsa 'yar ƙwallon kwando ce da ta ci zinare sau biyu a Olamfik, 1976 da 1980, gado ne. Wannan ba a koyonsa.

Maman Biyu:
Kawu gaskiyarka, amma a ƙara da cewa aikin likita na yanzu ba irin na zamanin Bossy ba ne. Teemu Selanne da mutanen Winnipeg har gobe suke ƙauna, ya ci 76 a kakarsa ta farko 1992-93, zuwa 2003-04 gwiwa ta lalace ƙwallo 16 kawai ya ci a Colorado kowa ya ce ya tafi. Sai rikicin albashi ya hana a buga kakar 2004-05 baki ɗaya, ya samu shekara guda aka gyara masa gwiwar ya huta, ya dawo Anaheim ya ci 40, ta gaba 48 yana ɗan 36 kuma suka ɗauki kofi, har yana 40 ya tara maki 80. Kucherov na Tampa ma aka yi masa aikin ƙugu bai buga ko wasa ɗaya na kakar 2020-21 ba sai da aka zo zagayen kofi, bayan shekara uku ya tara maki 144 yana ɗan 30. Raunin da ke kashe sana'ar mutum a da, yanzu wata shida ne ko shekara.
Abin da likita bai iya gyarawa har yanzu shi ne bugun kai. Crosby na Pittsburgh a 2011 saura kaɗan ya bar wasan saboda shi.

Ɗan Edmonton:
Yauwa Crosby nake so a zo kansa, don ina ganin shi ne madubin McDavid ba Ovechkin ba. Shekararsa 37 ya tara maki 91 a kakar 2024-25, kaka 20 a jere yana samun aƙalla maki ɗaya a kowane wasa in an raba, ya wuce Gretzky mai 19. Amma ku lura, rabonsa da maki 100 tun 2018-19, kuma mafi yawan da ya taɓa yi 120 ne yana ɗan 19. Wato bai faɗo ba amma kuma bai zauna a ƙololuwa ba, ya sauko hawa ɗaya ya yi zamansa a nan shekara da shekaru. In haka McDavid zai yi, daga 130 ya sauko 95 ya zauna, ni na karɓa hannu bibbiyu.

Bazazzagi:
To ai sai mu fara yarda a kan me muke kira sama. In 150 kake nufi, wannan ko McDavid sau ɗaya ya yi, kuma kafin shi rabon da a ga haka tun Lemieux a 1995-96. Ba a zama a irin wannan wurin. In kuwa 100 kake nufi ni na ba shi kaka biyar nan gaba ba tare da fargaba ba.

Kawu na Toronto:
Biyar ta yi yawa. Uku, in Allah ya ba shi lafiya huɗu. Gretzky sau 15 ya kai 100, Lemieux sau 10, yaronku zuwa ƙarshen 2024-25 sau 8, zai wuce Lemieux amma ba na jin zai kamo Gretzky. Kuma akwai abin da ba ku sa a lissafi ba, wasannin kofi. Shekara biyu a jere Edmonton na bugawa har tsakiyar Yuni, sama da wasa 20 ƙari kowace shekara kuma su ne wasanni mafi zafi, a dawo atisaye a Satumba. Wannan gajiyar taruwa take yi.

Bazazzagi:
Kawu Jagr fa? Maki 123 da ƙwallo 54 a Rangers 2005-06 yana 33 zuwa 34, ya tafi Rasha shekara uku ya dawo, yana ɗan 44 ya fi kowa maki a Florida da 66. Gordie Howe maki 103 yana 40, ya buga har 52.

Kawu na Toronto:
Jagr da ƙugu yake wasa ɗana, ya juya maka baya ya tokare ka da jiki a jikin allon da ya zagaye filin ka yi ta fama ba za ka karɓe ba, tsufa bai cika taɓa irin wannan ba. Abin da Maman Biyu ta faɗa ne dai tun farko. Nuna min mai gudu guda ɗaya da ya kai 35 yana tara 100 da gudun.

Maman Biyu:
Ni dai ba na jin adalci ne a ce McDavid gudu ne kawai. Masu gudu na da yawa a gasar nan da ba sa tara ko maki 50. Abin da ya raba shi da su, hannunsa da idonsa na tafiya daidai da ƙafarsa, yana cikin wannan gudun yake ganin wanda zai miƙa wa. A 2023-24 sau 100 ya bayar aka ci, kafin waccan kakar mutum uku ne kawai suka taɓa yi, Gretzky da Lemieux da Bobby Orr, sai shi da Kucherov suka yi a kaka ɗaya. Kuma Kawu ka faɗi yadda ƙwallayen Gretzky suka ragu amma ba ka faɗi cewa yana ɗan 33 ya fi kowa maki da 130 ba, yana 37 ya tara 90. Cin ƙwallo ne ke fara tafiya, miƙawa na daɗewa. Don haka ƙwallo 64 ɗin nan ɗan Edmonton ka cire rai da sake ganinta, amma makin zai jima.

Ɗan Edmonton:
Sai dai miƙawa na buƙatar wanda zai ci Anti. Yanzu akwai abokin wasansa Draisaitl da ya ci 52 a kakar 2024-25 ya fi kowa, amma shi ma a lokacin ya kusa 30. Kun tuna Cheechoo na San Jose? 56 ya ci a 2005-06 lokacin da aka kawo masa Joe Thornton yana ba shi, daga nan 37, 23, 12, raunuka suka taru, zuwa 2010 ya bar gasar. Ba ina haɗa su ba ne, ina nufin lambobin mutum ba nasa ne shi kaɗai ba, ko Ovechkin shekaru nawa abokin wasansa Backstrom ya yi yana ɗora masa a kan sanda.

Ɗan Damagaram:
To Kawu naku na Toronto fa, wancan Matthews ɗin da na ga bidiyonsa, shi zai iya kamo Ovechkin?

Kawu na Toronto:
Hmm ɗana ka tambayi abin da ke hana ni barci. Shi ma 1997 aka haife shi kamar McDavid. Ya ci 60 a 2021-22, sai 40, sai 69, sai kakar 2024-25 33 a wasa 67 yana fama da rauni tun farkonta. Bugunsa irin wanda ke daɗewa ne, a nan ba ni da shakka, yana jawo ƙwallon kusa da ƙafarsa ya canza mata hanya kafin ya sake ta gola bai gama shiri ba. Amma an riga an yi masa aiki a wuyan hannu, kuma kusan kowace kaka sai ya rasa wasanni. Zuwa ƙarshen kakar 2024-25 ya wuce 400 kaɗan, kafin ya kai inda Ovechkin yake sai ya ƙara kusan 500, wato 45 duk shekara har shekara goma sha ɗaya ba fashi, kuma shi wancan bai daina ci ba tukuna. Ina son yaron nan har raina amma jikinsa nake ji.

Bazazzagi:
Kuma ku tuna Ovechkin ya rasa kakar 2004-05 gaba ɗaya, ya rasa kusan rabin 2012-13, korona ta yanke masa biyu, duk da haka a wasa na 1,487 ya ci ta 895, daidai yawan wasannin da Gretzky ya buga a rayuwarsa. A Satumban 2025 yake cika 40, ni na ce zai ƙara 30 a kaka mai zuwa, ku rubuta ku ajiye.

Kawu na Toronto:
Na rubuta. In ya kai 30 ni zan fara yi maka barka a nan.

Ɗan Edmonton:
Na gode muku ƙwarai, hankalina ya ɗan kwanta amma ba duka ba. Ni abin da zan sa wa ido in an dawo a Oktoba shi ne ko zai koma buga ƙwallo da kansa kamar yadda ya yi a 2022-23, don a kakar nan sau da yawa yana gaban raga fili a buɗe sai ya nemi Draisaitl, muna ta ihu a gida ya buga mana. Anti Maman Biyu, maganar gwiwar nan ta 2019, jijiyar da ta warke ba tare da tiyata ba tana iya dawowa da ciwo bayan shekara shida ko bakwai?

Maman Biyu:
Ban ga hoton gwiwarsa ba don haka ba zan yanke masa hukunci ba. A marasa lafiyar da nake gani dai, jijiyar baya ta gwiwa na warkewa da gashi in tsokar cinya na da ƙarfi, abin da muke sa wa ido daga baya shi ne guringuntsi, in gwiwar ta ɗan saki yana saurin cinyewa. Ka riƙa kallon yadda yake juyawa ta hagu in yana cikin gudu, da kuma wasa na biyu in sun buga kwana biyu a jere, a nan ake fara gani.